Matacin iska na na'urorin sadarwa: aikinsa, wankinsa da canjinsa a ƙasar ƙura irin ta Kurfai

Matacin iska, wanda ma'aikatan sadarwa a Nijar suka fi sani da filtir, wani falle ne na soso, ko na zare, ko na takarda mai ninki, da ake sakawa a bakin hanyar da iska ke bi ta shiga cikin na'urar lantarki. Aikinsa shi ne ya bar iska ta wuce, ya tare ƙura. Ana samun sa a ƙofar kabad ɗin ƙarfen da ake jera na'urori a ciki, ko a gaban na'urar kanta, dab da fankokin da ke jawo iska. Yana cikin kayan da suka fi araha a ɗakin na'urori, amma idan ya toshe yana iya kashe na'urar da ta fi kowace tsada.

A garin Filinge, mai tazarar kilomita kusan 180 arewa maso gabashin Yamai, da ƙauyukan Kurfai da ke kwarin Dallol Boso, maganar ta shafi kowa, har wanda bai taɓa ganin irin wannan kabad ba. Kiran waya, kuɗin da ɗan cin rani ke turowa gida, sanarwar rasuwa ko ta ɗaurin aure a rediyo, duk ta cikin waɗannan na'urori suke bi. In rezo ya ɗauke da tsakar rana a watan Afrilu, mutane kan ɗora laifin a kan wutar lantarki. Wani lokaci kuwa wutar na nan, na'urar ce ta kashe kanta don zafi, saboda ƙura ta rufe mata hanyar numfashi.

Kabad ɗin na'urori da inda ake samun sa

Kabad ɗin da ake magana, wanda masu aikin ke kira rak, tsayayyen akwati ne na ƙarfe mai ginshiƙai biyu ko huɗu, inda ake ɗaure na'urori ɗaya bisa ɗaya kamar aljihunan tebur. Faɗin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne inci 19, wato milimita 482.6. Kamfanin wayar tarho na Amurka, AT&T, shi ya tsayar da wannan ma'auni wajen shekarar 1922, kuma har yau a kansa ake. Tsayin kowace na'ura ana auna shi da harafin U. U ɗaya milimita 44.45 ne. Babban rak yakan ɗauki U 42, tsayinsa ya kusa mita 2. Akwai kuma ƙanana masu U 6 ko U 9 da ake kafewa a bango.

A gari kamar Filinge ana samun rak a wurare da dama. Na farko shi ne gindin dogayen ƙarafan antena na wayar salula. Kamfanoni huɗu ke wannan aiki a Nijar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da ya gaji Orange a 2019, da Niger Telecoms da aka samar a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. Kowace antena, ko ta wane kamfani ce, tana da akwati ko ƙaramin ɗaki a ƙasanta, inda na'urorin rediyo, da masu juya wuta, da batura suke. Na biyu shi ne gidajen rediyon FM, inda na'urar watsa shiri ke zaune a cikin rak. Sauran su ne ofisoshin gwamnati, asibiti, wuraren tura kuɗi, da ofisoshin ƙungiyoyin agaji, inda ƙaramin rak ke riƙe da na'urar rarraba intanet da ondiler, wato akwatin batir da ke riƙe wuta in an ɗauke.

Abin da ya sa na'ura ke buƙatar iska

Kusan duk wutar da na'urar lantarki ta sha, zafi take komawa. Dutsen guga na lantarki yana shan wajen wat 1,000. Ke nan rak ɗin da ke shan wat 2,000 tamkar dutsen guga biyu ne da aka kulle a cikin akwati, dare da rana ba a cire su daga wuta. Dole a fitar da wannan zafi. Shi ya sa ake sa ƙananan fankoki da ke jawo iska ta gaba, su bi da ita ta kan wasu ƙarafa masu haƙora kamar mataji waɗanda ke shanye zafin, sannan su fitar da ita ta baya ko ta sama.

Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya wurare ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar iskar da ke shiga manyan kwamfutoci ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27 a ma'aunin Selsiyus. Yawancin na'urorin da aka ƙera don cikin ɗaki, takardunsu na nuna kada iskar ta wuce digiri 35 zuwa 40. A Kurfai kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, iskar waje kanta takan haura digiri 40 a inuwa. Tun kafin ƙura ta sa baki, na'urar ta riga ta kai bakin iyakarta. Toshewa kaɗan ta isa ta ƙetarar da ita.

Zafi ba ya kashe na'ura lokaci guda, cin ta yake a hankali. Injiniyoyi na da wata ƙa'ida da suka daɗe suna aiki da ita: duk ƙarin digiri 10 yana rage kwanan kondansater mai ruwa a ciki da rabi, kuma irin wannan kondansater na cikin kusan kowane akwatin juya wuta. Baturan dalma ma haka suke. Ana lissafin shekarunsu ne a kan digiri 20 zuwa 25, kuma ƙarin digiri 8 zuwa 10 na raba shekarun biyu. Batir ɗin da aka ce zai yi shekara 10, in ya zauna a ɗaki mai digiri 35, da ƙyar ya wuce 5.

Ita ma ƙurar tana da tata ɓarnar ban da toshe hanya. In ta kwanta a kan ƙarfen shan zafi sai ta zame masa bargo. In ta shiga gindin fanka sai ta cinye shi, ya fara ƙara, ya tsaya. In kuma damina ta zo, ƙurar da ta taru a kan allon wayoyi takan sha danshi, ta koma laka mai ɗaukar wuta, ta haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba, ta kawo tsatsa.

Ƙurar Kurfai da lokutanta

Ƙura a wannan yanki ba iri ɗaya ba ce, kuma kowane lokaci na shekara da irin tasa.

Daga Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu ke kaɗawa daga arewa maso gabas. Hazon da take kawowa mai laushi ne kamar garin alkama. Wani babban kaso nasa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda wani makeken tafki ya ƙafe tun dubban shekaru. Iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta kwashi busasshiyar lakar tafkin ta yi sama da ita. Masana na ɗaukar wurin a matsayin wanda ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Ƙwayoyin wannan hazo da yawansu ba su kai mikiromita 10 ba, alhali kaurin gashin mutum yana kai 50 zuwa 100. Irin wannan ƙura takan bi ta ƙarƙashin ƙofa, ta kafar waya, har ta ratsa mataci mai manyan idanu.

A ƙarshen bazara, cikin Mayu da Yuni, sai holoƙo da guguwar da ke gaban hadari. Wannan yashi ne da turɓaya masu nauyi, da ke zuwa lokaci guda. Mutanen Yamai ba su manta da ranar 4 ga Mayu 2020 ba, lokacin da jan bangon ƙura ya rufe birnin da rana tsaka. Guguwa ɗaya irin wannan tana iya cika matacin da aka wanke jiya, kuma tana zuwa ne daidai lokacin da zafi ya fi tsanani.

Da kaka, bayan an yanke hatsi, sai ƙaiƙayin sussuka da shiƙa. Ƙaiƙayi ba shi da nauyi, yana tafiya nesa, kuma in ya manne a fuskar mataci yakan yi tabarma da ke kama sauran ƙura.

Akwai kuma wadda ba ta da lokaci: ƙurar garken shanu a hanyar kasuwa ko ta Tukunus, ta manyan motocin da ke bin hanyar Balleyara, Filinge da Tawa, hayaƙin itacen girki, da baƙin hayaƙin gurup ɗin da ke gefen ɗakin na'urori. Hayaƙin gazuwal yana da maiƙo. In ya haɗu da ƙura sai ta daskare, kaɗawa ba ta fitar da ita.

Ire-iren matatai

Kafin a taɓa mataci, a san irinsa, domin abin da ke gyara wani shi ke lalata wani.

Ragar ƙarfe ko ta roba: ita ce mai manyan idanu. Tana tare ƙwari, ƙaiƙayi da yashi, hazo kuwa wucewa yake. Ana wanke ta, kuma tana daɗewa.

Soso mai buɗaɗɗun idanu: baƙi ne ko ruwan toka, kaurinsa bai cika wuce yatsa ba. Shi aka fi samu a gaban na'urorin sadarwa da na watsa shiri. Yawancinsa na wankuwa, amma zafi da shekaru na sa ya bushe ya riƙa marmashewa.

Tabarmar zare: fara ce mai kama da auduga, ana sa ta a fankokin ƙofar kabad. Ɓangarenta ɗaya sako-sako ne, ɗayan a matse. Wasu na jure wanki sau ɗaya ko biyu, wasu yarwa ake yi.

Takarda mai ninki: tana cikin firam na kwali ko na ƙarfe, kamar filtir ɗin iskar mota. Ita ta fi kama ƙura mai laushi. Ba a wanke ta sam. In ta cika, sai sabuwa.

A jikin mataci ko kwalinsa akan ga wasu haruffa da ke nuna ƙarfinsa. A tsohon ma'aunin Turai, EN 779, G1 zuwa G4 na nufin masu tare ƙura mai kauri, M5 da M6 matsakaita, F7 zuwa F9 masu tare mai laushi. Ma'aunin ISO 16890, da ya fito a 2016 ya kuma maye gurbin wancan a 2018, yana rubuta ePM10, ePM2.5 ko ePM1, gwargwadon ƙanƙantar ƙwayar da matacin ke kamawa. Kayan Amurka kuwa MERV suke rubutawa, daga 1 zuwa 16. A EN 779 da MERV, ƙaruwar lamba na nufin ƙaruwar matsi, amma a ISO 16890 ePM1 ne ya fi ePM10 matsi. Sai dai wanda ya fi matsi ya fi wahalar da fanka, ya kuma fi saurin toshewa. Don haka ba a sa wa na'ura mataci mai lambar da ta wuce wadda maƙerinta ya rubuta.

Akwatunan da ke tsaye a fili suna da tasu alamar, IP da lambobi biyu. Lambar farko ta ƙura ce: 5 na nufin ƙura kaɗan ke shiga, ba ta kai ta cutar ba, 6 na nufin ba ta shiga ko kaɗan. Wannan alƙawari yana tsaye ne muddin robar bakin ƙofa na da lafiya kuma matacin na wurinsa.

Alamomin toshewa

Na'ura takan yi ƙorafi kafin ta faɗi. Fankokinta na ƙara gudu, ƙararsu ta canza, ta zama kamar ta injin niƙa daga nesa. Fitila ja ko ruwan goro ta kama a gabanta. Iskar da ke fita ta baya ta ragu, amma ta fi zafi. Na'urar watsa shirin FM takan rage ƙarfinta da kanta don ta kare kanta, sai masu saurare na ƙauyukan nesa su ce tashar ta daina kai musu, alhali a cikin gari ana ji garau. Babbar alama ita ce matsalar da ke bin agogo: komai lafiya da safe, ya lalace tsakanin azahar da la'asar, ya dawo bayan magariba.

Gwaji biyu ba sa buƙatar kayan aiki. Na farko, a ɗaga matacin a duba shi ta hasken rana ko na tocila. In haske ba ya ratsa shi, iska ma da ƙyar take ratsawa. Na biyu, a kara falle ɗaya na takarda marar nauyi a bakin shigar iska. In fanka na ja sosai, takardar za ta manne. In ta faɗo, akwai magana.

Yadda ake tsaftacewa

1. A duba takardar na'urar tukuna. Wasu an ƙera su yadda za a zare mataci suna aiki, wasu sai an kashe. In za a kashe, a zaɓi sassafe ko dare, a kuma sanar da masu amfani da ita.

2. A share ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma kafin a buɗe komai. Shara da busasshiyar tsintsiya tayar da ƙura take yi, fankoki su zuƙe ta. Kada a yi aikin ana tsakiyar iska ko hazo mai kauri.

3. A cire zobe, agogo da sarƙa. Baturan gidan antena volt 48 ne kawai, amma in ƙarfe ya haɗa bakunansu biyu yana iya narkewa a hannun mutum. A sa takunkumi a rufe hanci.

4. A sauke wutar jiki. Da hunturu iska na bushewa ƙwarai, shi ya sa bargo ke tartsatsi da dare, ƙofar mota ke jan hannu. Mutum ba ya jin wannan wuta sai ta kai wajen volt 3,000, amma ƙasa da volt 100 na iya lalata wasu ƙananan sassan na'ura. Masu aikin na ɗaura wani madauri a wuyan hannu, mai waya da ake maƙalawa a jikin rak. In babu shi, a riƙa dafa ƙarfen rak ɗin kafin a taɓa na'ura.

5. A lura da kibiyar da ke gefen matacin, mai nuna inda iska ke bi. In babu, a yi alama da biro. A goge bakin wurin, sannan a zaro shi a hankali, a miƙe, kada ƙurar ta zube ciki.

6. In na'urar na aiki, a sa wani mataci nan take. Fanka mai ƙarfi na iya zuƙe guntun waya, ƙwaro ko takarda a cikin ɗan lokacin da bakin ke buɗe. Wannan ne dalilin da ya sa ake ajiye biyu: ɗaya na aiki, ɗaya na bushewa.

7. A fita da mai dattin waje, nesa da ƙofa, ta inda iska ba za ta maido ƙurar ba. A kaɗe shi a hankali, ko a zuƙe da na'urar zuƙar ƙura ta ɓangaren da ya yi datti. In hurawa za a yi, a hura daga ɓangare mai tsabta, ƙurar ta koma ta inda ta shigo.

8. In mai wankuwa ne, a jiƙa shi a ruwa mai ɗumi kaɗan da ɗan sabulu marar ƙarfi. A matsa shi tsakanin tafin hannu biyu, kada a murɗe kamar wanki. A ɗauraye har ruwan ya fito fari. In ruwan rijiyar mai kanwa ne ko gishiri, a yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan sha mai kyau, don abin da ya bushe a cikin soson iska za ta kai shi cikin na'ura.

9. A shanya shi a inuwa, a wuri mai tsabta, har ya bushe sarai. Rana na cinye soso. Mataci mai danshi kuwa ya fi mai ƙura haɗari.

10. A mayar da shi yadda kibiya ta nuna, a tabbata ya zauna daram ba kafa a gefe. Iska hanya mai sauƙi take bi: in ta sami kafa, ta nan duk ƙurar za ta wuce.

11. A rubuta ranar a takardar da ke manne a ƙofar rak, da sunan wanda ya yi aikin, da zafin da na'ura ke nunawa kafin da bayan aikin.

Lokacin da wanki ba ya isa

Ana canza mataci in ya yage, in ya sassauta ba ya cika gurbinsa, in ana taɓa shi yana marmashewa, in maiƙon hayaƙi ya kama shi, ko in an wanke amma haske bai ratsa ba. Soson da ya fara marmashewa shi kansa ya zama ƙura, fanka na watsa gutsattsarinsa cikin na'ura. Wasu manyan na'urorin kamfanonin waya ma, ƙa'idar Telcordia GR-63 da ake bi a kansu ta ce canzawa ake yi, ba wanki ba.

Wajen sayen sabo, a tafi da lambar da ke jikin tsohon, ko a auna tsawo, faɗi da kauri da milimita. Ana sayar da tabarmar zare a naɗe, a yanka daidai gurbi. A ajiye na ajiya a cikin leda, a wuri mai duhu da sanyi, don soso na tsufa ko ba a yi aiki da shi ba. Tun da daga Yamai ake kawo irin waɗannan kaya, hikima ita ce a tanadi na shekara guda tun watan Oktoba, kafin hunturu ya kama.

Kurakuran da aka fi yi

Cire mataci gaba ɗaya. In na'ura ta yi zafi aka zare shi, nan take zafin ke sauka, sai a ɗauka an warware matsala. Bayan ƴan watanni ƙurar da yake tarewa ta koma cikin ƙarafan shan zafi, inda sai an kwance na'urar kafin a kai gare ta.

Sa soson katifa a madadinsa. Iska ba ta ratsa shi yadda ya kamata, kuma yana kama wuta da sauri. Soson na'ura na musamman ne, an haɗa shi yadda ba ya ruruwa. Tsumma da gidan sauro ma ba sa maye gurbinsa. Gidan sauro na da amfani a tagar ɗaki kawai, don tare ƙwari da ƙaiƙayi.

Hura na'ura da kwamfuresar masu faci. Iskarta na ɗauke da ruwa da mai, kuma ƙarfinta na tura ƙura cikin ramukan da ba ta kai ba da. In iska mai ƙarfi ta juya fanka fiye da ƙima, gindinsa na lalacewa. Duk mai hura fanka ya riƙe fukafukansa tukuna.

Wanki da fetur, kananzir ko ruwan jabel. Suna lalata soso, kuma tururin fetur a ɗakin batura neman gobara ne.

Buɗe ƙofar ɗaki ko ta kabad don a sha iska. Ƙura na shiga, ƙadangare da ɓera na shiga, zanzaro ya yi gini a bakin fanka.

Sau nawa ake yi

Takardun manyan maƙera irin su Cisco da Juniper na maganar dubawa ko canzawa tsakanin wata 3 zuwa 6, tare da gargaɗin a ƙara yawaita a wuri mai ƙura. An yi wannan lissafi ne da ɗakuna masu sanyi da rufi mai kyau. A Kurfai, abin da ya dace da yanayi shi ne a duba kowane mako daga Nuwamba zuwa Yuni, a duba washegarin kowace guguwa, sannan sau ɗaya a wata da damina. Manyan ayyuka biyu ne a shekara. Na farko a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, don na'ura ta shiga bazara da hanyar iska a buɗe. Na biyu kafin ruwan farko, don a kwashe ƙurar cikin kabad tun ba ta sha danshi ba. Takardar da ke ƙofar rak ita za ta nuna ainihin tazarar da ta dace da kowane wuri, domin antenar da ke bakin kasuwa da wadda ke kan tudu ba ɗaya suke ba.

Ɗakin kansa

Mataci na ƙarshe ne a jerin masu tsaro. Na farko shi ne ɗakin. A toshe ƙarƙashin ƙofa da roba, a cike ramukan da wayoyi ke shigowa, a shafe ƙasa da siminti ko karo, a cire takalmi a waje. Kada a mai da ɗakin na'urori sito, kwali da buhu ƙura suke tarawa. A ɗaga rak daga ƙasa, domin iskar da ke dab da daɓe ta fi ƙura. A rufe guraben da ba na'ura a gaban rak da faranti, don kada zazzafar iskar baya ta zagayo gaba. A juya bakin hayaƙin gurup nesa da inda iska ke shiga, a kuma tuna cewa iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa.

In akwai kilim, ragarsa ta ciki na son wanki duk mako biyu, kuma akwatinsa na waje na son a share masa haƙora da buroshi mai laushi. Wasu gidajen antena ba su da kilim, babban fanka ne ke tura iskar waje ciki ta cikin mataci, don a rage shan gazuwal. A irin wannan tsari matacin shi kaɗai ne tsakanin na'ura da hazo. Amfaninsa shi ne iskar ciki ta fi ta waje matsi, sai ta riƙa fita ta kafofi maimakon ƙura ta shigo. Da zarar matacin ya toshe, wannan kariya ta tafi.

Wa ke da alhakin aikin

Akwatunan gindin antena mallakar kamfanoni ne, ma'aikatansu kaɗai ke da izinin buɗewa. Na'urar watsa shiri ma, bayan murfin mataci akwai wuta mai kisa a ciki, ba wurin koyo ba ne. Sai dai a 2017 an sa sassan jahar Tillaberi cikin dokar ta-ɓaci, wadda daga baya ta haɗa da gundumar Filinge, kuma matsalar tsaro ta sa zuwan ƙwararru daga Yamai ba ya da sauƙi kamar da. Wannan ya ƙara nauyi a kan na kusa. Mai gadin antena da ya ji ƙarar fanka ta canza, ko ya ga ƙaiƙayi ya rufe ragar waje, in ya buga waya ya faɗa tun da wuri, ya ceci garin daga kwanakin rashin rezo. A gidan rediyo, asibiti ko ofis kuwa, abin da ake bukata shi ne shugaban wurin ya ɗora aikin a kan mutum ɗaya sananne, a nuna masa sau ɗaya yadda ake yi, a sa kuɗin matatai biyu na ajiya a cikin kasafin shekara, a kuma riƙa duba takardar da ke ƙofar rak kamar yadda ake duba man gurup.